Su Wane Ne 'Yan Daban Rasha na Cikin Finafinai?

Matasan Kazaure da Babura da ke zuwa wajen masu tura finafinai a waya sun san John Wick da The Equalizer, waɗanda duka suka fito a 2014. A cikinsu mugu ɗan Rasha ne, jikinsa cike da zane.

Abin yana da tushe. Ƙungiyoyin 'yan daban Rasha sun tsiro ne a gidajen kason Tarayyar Sobiyat tun zamanin Stalin, inda manyan ɓarayi suka kafa dokokinsu, suka haramta wa kansu yi wa hukuma aiki. Tauraron da ake zanawa a gwiwa na nufin mai shi ba zai durƙusa wa hukuma ba. Da Sobiyat ta rushe a 1991, suka kutsa cikin kasuwanci, wasu suka ƙetara Amurka. Jami'an FBI sun kama ɗaya daga cikinsu, Vyacheslav Ivankov, a New York a 1995. An harbe shi a Mosko a 2009, ya mutu daga raunin.

Fim yana ƙawata kisa, yana ɓoye marayun da aka bari. Iyaye a Roni da Gwiwa, ku riƙa duba abin da ke cikin wayoyin yaranku.