Abin da Masu Ɗaukar Aiki Ke Nema a Wurin Matasanmu a Birtaniya

Koke iri biyu muke yawan ji daga masu zuwa neman shawara. Matasa suna cewa sun yi ta neman aiki ba amsa, ko kuma an ɗauke su an sallame su kafin wata uku. Masu shaguna da ƙananan kamfanoni kuwa, har da namu na gida, suna cewa yaran yanzu ba sa riƙe aiki da muhimmanci. Idan ka zauna da kowane ɓangare za ka ga yawancin matsalar rashin sanin tsarin ƙasar ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani, domin matasan da kuma iyayensu.

A gida mun saba da tsarin maigida da yaronsa. Yaro yana zaman shago shekara da shekaru, maigida ya san iyayensa, yana ci da shi, in ya yi kuskure a yi masa faɗa a wuce, daga ƙarshe a ba shi jari. A nan babu wannan. Manaja bai san gidanku ba, kuma ba zai je ya gaya wa mahaifinka ka yi latti ba. Abin da ke tsakaninku yarjejeniya ce a rubuce. Yawancin wurare suna sa lokacin gwaji na wata uku zuwa shida, kuma a cikinsa ake yanke hukunci a kanka, sau da yawa ba tare da an ɗaga maka murya ko sau ɗaya ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne lokaci. Idan an ce ƙarfe bakwai, ana nufin ƙarfe bakwai ta same ka a bakin aiki da kayan aikinka a jiki. A sito ko gidan kula da tsofaffi, wanda ya kwana yana aiki ba zai tafi gida ba sai ka karɓe shi, don haka minti goma ɗinka a jikin wani yake fita. Jirgin ƙasa yakan makara, mota takan tsaya, kowa ya san haka. Abin da ba a yafewa shi ne shiru. Ka buga waya kafin lokacin ya yi, ka faɗi inda kake. Haka ma rashin lafiya: ka sanar tun da safe. Har kwana bakwai maganarka ta isa, in ta wuce haka sai ka kawo takardar likita.

Suna da ɗaurin aure da zuwa gida ganin dangi duk suna da hanyarsu. Mai aikin kwana biyar a mako yana da haƙƙin hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, amma sai ya nema tun da wuri an amince. Wanda ya sayi tikitin Kano ko Yamai kafin ya nemi izini, shi ya jawo wa kansa.

Abu na biyu ya shafi tarbiyyarmu, kuma a nan ne yaran kirki suka fi faɗuwa. An koya mana sunkuyar da kai a gaban babba, da rage murya, da gudun yabon kai. A wurin ganawar ɗaukar aiki, Bature yana ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin rashin tabbas, ko ɓoye wani abu. Ka dube shi in yana magana, ka amsa da murya a sake. In ya tambaye ka abin da ka iya, misali yake so. Maimakon ka ce kai mai ƙwazo ne, ka ce ka riƙe shagon kawunka shekara biyu, kai ke ƙirga kaya, kai ke rufe lissafi da yamma. Wannan ba fariya ba ce, bayani ne, kuma aikin da ka yi a gida aiki ne da ya cancanci shiga takardarka.

Akwai kuma “to” ɗin kunya. A ba yaro umarni da Turanci mai sauri, bai gane ba, sai ya ce to, ya je ya yi wani abu dabam. Matambayi ba ya ɓata. Manaja ya fi son a tambaye shi sau uku da a lalata kaya sau ɗaya. In kuma ka yi kuskure, kai ka fara faɗa kafin a gano. Waya kuwa ta zauna a aljihu ko a akwatin ajiya har lokacin hutu.

Abu na uku shi ne amana a kan takardu. Doka ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya binciki izininka na aiki kafin ka fara, kuma tun shekarar 2024 tarar ɗaukar wanda ba shi da izini tana kaiwa fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko. Don haka in ya matsa a kan takarda, ba ƙiyayya ba ce. Ɗalibin digiri da ke kan bizar karatu awa 20 kawai aka yarje masa a mako lokacin da makaranta ke buɗe. Ƙetare wannan, ko yin aiki da sunan wani, ko ara wa aboki lambarka ta National Insurance, na iya jawo asarar biza gaba ɗaya. Kuɗin mako guda bai kai wannan ba.

Game da salla, dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa. Amma ba ta ce dole a ba ka duk lokacin da ka zaɓa ba. Abin da ke aiki shi ne magana tun farko. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, wato Azahar da La'asar da Magariba duk suna iya faɗowa cikin lokacin aiki. Wanda ya wuce awa shida yana aiki yana da hutun aƙalla minti 20, sai ka nemi a daidaita maka shi. Don Juma'a, ka kawo shawara da kanka: ka fara da wuri ko ka tashi a makare ka cike gurbin. Ɓacewa ba sanarwa ita ke ɓata wa na bayanka hanya.

Biyayya kuma ba ta nufin a ci haƙƙinka. Kana da haƙƙin samun sharuɗɗan aikinka a rubuce tun ranar farko, da takardar albashi duk lokacin biya. Akwai mafi ƙarancin albashi da ake sabuntawa kowane Afrilu. A 2025 an sa shi fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, fam 10 ga mai 18 zuwa 20. Wannan ya hau kan kowane mai ɗaukar aiki, ko da ɗan garinku ne. Wanda aka tauye zai iya samun shawara kyauta a Citizens Advice ko Acas.

Wasu matasan suna raina aikin farko saboda suna da digiri. A nan kusan duk sabon wuri yana neman shaida daga inda ka baro, kuma shaidar wata shida a sito ta fi zaman jira a ɗaki. Saboda haka in za ka bar aiki, ka ba da sanarwa kamar yadda yarjejeniya ta ce, ka yi sallama da kowa lafiya.

Iyaye da yayye, ku zauna da yaranku ku gwada musu tambayoyin ganawa kafin ranar. Masu sana'a a cikinmu kuma, ku ba matashi ko da mako biyu ne ya koyi aiki a wurinku, ku rubuta masa shaida ta gaskiya. Allah Ya ba matasanmu abin yi mai albarka, amin.