Daga motar kara zuwa katafilar tururi: Ƙirar yara da ƙasar Yauri ke buƙata

A ƙasar Yauri, kusan duk abin da ke kawo kuɗi sai an yi haƙa kafin a same shi. Masu neman zinare a kewayen Birnin Yauri da dazukan Ngaski haƙa suke yi. Masu ɗibar yashi a bakin kogin Kwara haƙa suke yi. Manoman shinkafa da albasa a fadamun Shanga su ma sai sun yanka hanyar ruwa kafin su ga amfani.

Yawancin wannan aiki da diga da shebur ake yin sa. Idan ya fi ƙarfin hannu, sai a yi hayar katafila, kuma sau da yawa direbanta da bakanikenta daga wani gari suke zuwa.

A gefe guda kuma, yaran unguwa na zaune a gindin bishiya suna haɗa motar kara, ko ta gwangwani da langa-langa, da tayoyin da aka yanko daga tsohon silifas. A 'yan shekarun nan abin ya wuce haka. Bidiyoyin ƙananan katafiloli masu ɗaga hannu su kwashi ƙasa da gaske sun cika TikTok da Facebook, har BBC ta taɓa nuna wani matashi a Uyo ta jihar Akwa Ibom da ya ƙera irinta da katako da sirinji.

Mutane da dama wasa suke ɗaukar abin. Sai dai wanda ya ƙera katafilar da ke motsi ya riga ya warware matsalolin da injiniyoyi suka shafe fiye da shekara ɗari suna fama da su.

Asalinta da tururi take aiki

Katafilar farko ba ta san man dizil ba. Wani matashi Ba'amurke mai suna William Otis ne ya samu shaidar mallakar ƙirarta a 1839, kuma a shekarar ya rasu yana da shekara 26. An yi ta ne don yanka hanyar jirgin ƙasa.

Tsarinta shi ne babbar tukunyar ƙarfe cike da ruwa, ana hura mata wutar kwal ko itace. Idan ruwa ya zama tururi yakan nemi wurin da ya ninka na da kusan sau 1,700. Da yake an toshe shi a tukunya, sai ya nemi mafita da ƙarfi. Wannan ƙarfin ne ake bi da shi ta bututu ya tura fistin, fistin ya juya ƙafa, ƙafa ta naɗe sarƙa, sarƙa ta ja bokitin haƙa.

Irin waɗannan injuna ne suka yi babban aikin mashigin ruwan Panama, wanda Amurka ta karɓa a 1904 aka buɗe a 1914. An yi amfani da guda 102, kuma 77 daga ciki na kamfanin Bucyrus ne.

Lokacin da aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, zamanin tururi ya riga ya wuce, injunan dizil ne suka karɓi fage. Amma har yau a Ingila da Jamus da Amurka akwai ƙungiyoyin masu ƙera ƙananan injunan tururi, wasunsu kan shafe shekaru a kan katafila ɗaya da ba ta wuce a ɗora ta a kan tebur ba.

Yadda ake ƙera ƙaramar

Matakin farko awo ne. Maƙeri zai zaɓi gwargwado, a ce ɗaya bisa goma. Ma'ana duk abin da ya kai mita ɗaya a babbar, santimita goma zai zama a ƙaramar. A nan ne lissafi ke fara ba da mamaki: tsawo ya ragu sau goma, amma cikin bokiti ya ragu sau dubu. Bokitin da ke ɗaukar ƙasa mai yawan lita 1,000, ƙaraminsa lita ɗaya kacal zai ɗauka.

Sai tukunya. Da jan ƙarfe ake yin ta saboda yana ɗaukar zafi da wuri kuma ba ya tsatsa. Ba a liƙe ta da dalmar masu gyaran rediyo, domin zafi kan sa ta saki. Da dalmar azurfa ake haɗa ta. Dole a sa mata bawul da zai buɗe da kansa idan tururi ya yi yawa. Kafin a sa mata wuta, masana kan cika ta da ruwan sanyi su matsa shi ya kai ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi. Idan za ta tsage, gara ta tsage da ruwan sanyi.

Bayan haka sai injin kansa. Fistin da ramin da yake kai da kawowa a ciki sai sun dace da juna sosai. Ya yi sako-sako, tururi ya zurare. Ya matse, ya ƙi motsi. Wannan ne wurin da aikin ke buƙatar injin sassaƙa ƙarfe, irin na masu gyaran sassan mota da injin niƙa.

Daga ƙarshe, katafilar tururi motsi uku take yi: ɗaga bokiti, tura shi cikin ƙasa, da juyawa gefe don zubarwa.  A ƙasan bokitin akwai ƙofa da ake fizge wa igiya ta buɗe, ƙasa ta zube. Wanda ya haɗa waɗannan duka suka yi aiki tare ya taɓa awo da zane da walda da ƙira da lissafi a aiki ɗaya.

Sirinji: hanya mai sauƙi

Yaro a Yelwa ko Wara ba shi da jan ƙarfe, ba shi da injin sassaƙa. Abin da ke hannunsa shi ne kwali, falankin katako, waya, gam, sirinji da robar ƙarin ruwa. Abin sha'awa shi ne, da waɗannan yake kwaikwayon katafilar zamani kai tsaye.

Ana haɗa sirinji biyu da roba a cika su da ruwa. Ka danna wannan, wancan ya fito. Ka ja, ya koma. Ana buƙatar tagwaye huɗu: na babban hannu, na ƙaramin hannu, na bokiti, da na juyawa. Wasu kan rina ruwan kala-kala don kada su rikice.

Ƙa'idar da ke aiki a nan ita ce wadda masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17: ruwan da aka tsare, idan an matsa shi, yana kai matsin ko'ina daidai. Idan kaurin sirinjin da ke karɓa ya ninka na mai turawa sau biyu, ƙarfi zai ninku sau huɗu, amma tafiyar za ta koma kashi ɗaya bisa huɗu. Haka babbar katafila take, sai dai ita mai take amfani da shi, famfo kuma ke tura shi.

Duk yaron da ya yi wannan aiki ya san cewa idan iska ta shiga roba, hannu zai yi laushi ya ƙi ɗaga kaya. Ya san inda ruwa ke yoyo. Waɗannan na cikin matsalolin da ke ajiye babbar katafila a bakin aiki ana jiran bakanike.

Haɗari biyu da iyaye za su kula

Na farko, tushen sirinjin. Wanda aka tsinto a bolar asibiti ko bayan kemis na iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, ko ƙanjamau. A saya wa yaro sabo a cikin ledarsa, babba ya cire allurar kafin ya miƙa masa.

Na biyu, tururi. Yaron da ya ga bidiyo zai iya toshe gwangwanin madara ko na maganin sauro ya ɗora a wuta. Gwangwani ba tukunyar injin ba ne. Yana iya fashewa ya watsa tafasasshen ruwa a fuska. Aikin tururi sai a gaban malami ko ƙwararren maƙeri.

Wanda ya bi wannan hanya

Jihar Kebbi na da misali a gida. Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar Sakkwato, tun yana yaro yake zane da ƙera ƙananan motoci. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya gama a 1988, sannan ya tafi birnin Detroit na Amurka a 1990 da tallafin karatu na gwamnatin Sakkwato. Ya yi aiki a General Motors, inda sunansa ya fito a zanen motar Chevrolet Volt. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC.

Abin lura a tarihinsa shi ne, a kowane mataki akwai makaranta ko hukuma da ta karɓe shi ta miƙa shi gaba. Yawancin yaran da ke ƙera katafila a yau, iyakarsu tafi da sharhi a ƙarƙashin bidiyo, ko ɗan kuɗin da wani mai wucewa ya ba su.

Aikin da ke jira

Ba a rasa abin da za a yi da irin wannan hannu a bakin tafkin Kainji ba. Lokacin da ruwa ya taru a 1968, an tayar da mutum kusan 44,000 daga garuruwansu, kuma dazukan da ruwan ya shanye sun bar kututture a ƙarƙashi, waɗanda masu kwale-kwale ke kauce wa har gobe. Kainuwa na toshe mashigai tana lalata komar masunta. Ramukan zinare da aka haƙa da hannu kan rufta da mutane, musamman da damina. A 2020 gwamnatin tarayya ta shigo da masu haƙar zinare na Kebbi cikin shirinta na PAGMI, amma rajista kaɗai ba ta tokare bangon rami.

Duk waɗannan na buƙatar ƙananan injuna masu araha da za a iya gyarawa a Yelwa: na jawo ƙasa daga rami, na kwashe ciyawar ruwa, na yanka hanyar ban-ruwa. Suna kuma buƙatar masu tuƙa su da masu gyara su 'yan gida.

Wuraren koyo suna nan. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Zuru, akwai Waziri Umaru a Birnin Kebbi, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Akwai kuma gasar JETS ta ɗaliban kimiyya da ƙere-ƙere. A Kaduna an ga yadda aka haɗa masu sana'ar kasuwar Panteka da kwalejin fasaha ta garin don a ba su takardar shaidar ƙwarewa. Masu walda da maƙera da kanikawan injin jirgin ruwa na Yauri za su iya samun irin wannan.

Ana iya farawa da abin da bai kai haka tsada ba: malamin kimiyya ya ware rana ɗaya a zango yara su kawo abin da suka ƙera, ƙungiyar masu walda ta karɓi biyu ko uku a lokacin hutu, ƙaramar hukuma ta sa kyauta. Tun da masarautar Yauri na tara jama'a a bikin Rigata don kallon gwanintar ruwa, rumfa ɗaya ta ƙirar yara ba za ta gagara ba.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da ya ga ɗansa na fama da kwali da sirinji, kafin ya ce masa ya daina ɓata lokaci, ya tambaye shi me ya sa hannun ke ɗagawa. Idan yaron ya iya bayani, to lokacin kai shi wurin mai koyarwa ya yi.