Wayar ɗaukar hoto daga nesa

Yara, kun taɓa ganin hoton da ya fito dishi-dishi, har ba a gane fuskar mai shi? Sau da yawa laifin ba na kyamara ba ne, na hannun mai ɗauka ne. Yau za mu ga dalilin haka. Za mu kuma koyi haɗa wata ƴar waya wadda za ta sa mu ɗauki hoto ba tare da mun taɓa kyamara ba.

1. Me ke ɓata hoto?

Kyamara kamar ɗaki ce mai duhu, mai taga guda. A bayan tagar akwai ɗan ƙyaure. In aka danna maɓalli sai ƙyauren ya buɗe, haske ya shiga, ƙyauren ya sake rufewa. Hasken da ya shiga shi ke zana hoto. A kyamarorin da, yana zana shi bisa fim. A na yanzu, yana zana shi bisa wani ɗan faifai mai jin haske.

Da rana tsaka haske yana da yawa. Ƙyauren kan buɗe na ɗan lokaci ƙanƙane, kamar kashi 1 cikin 500 na sakan. Kafin hannu ya motsa, an gama. Amma da magariba, ko cikin ɗaki, haske kaɗan ne. Dole ƙyauren ya daɗe a buɗe, wani lokaci sakan 1, wani lokaci sakan 10 ko fiye.

To, hannun mutum ba ya tsayawa cik. Numfashi na motsa shi, bugun zuciya na motsa shi. Ku miƙa hannunku da fensir, ku dubi bakinsa. Kun ga yana rawa? In lokacin buɗewa ya kai kashi 1 cikin 30 na sakan ko ya fi haka tsawo, wannan rawa takan fito cikin hoto. Ko an ajiye kyamara bisa tebur, yatsan da ya danna maɓalli yana iya girgiza ta.

2. Dabarar masu hoton da

Wannan matsala ta daɗe. Hoto mafi tsufa da ya rage na abin da ido ke gani a waje, wani Bafaranshe ne ya ɗauke shi, sunansa Nicéphore Niépce. Ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen shekarar 1826. Sai da haske ya yi sa'o'i 8 ko fiye yana shiga kafin hoton ya kama. Bayansa, masu ɗaukar hoton mutane sukan kafa wani ƙarfe a bayan kujera, ya riƙe ƙeyar mutum don kada kansa ya motsa.

Daga baya aka samo wata dabara: ƙwallon roba mai dogon bututu. In mai hoto ya matse ƙwallon, iska ta bi bututu ta buɗe ƙyaure. In ya saki, ƙyaure ya rufe. Hannunsa bai taɓa kyamara ba. Harafin B da ake gani a kan kyamarori da yawa daga sunan wannan ƙwallo ya samo asali. Aikin da iska ta yi a wancan zamani, lantarki ke yin sa a kyamarorin yanzu.

3. Me ke ƙarƙashin maɓalli?

Ku tuna darasinmu na pil da ampul. In waya ta haɗa su, lantarki ya zagaya, ampul ya kama. In aka raba wayar, ampul ya mutu. Maɓallin kyamara makunni ne kawai, mai haɗa hanyar lantarki. Sai dai hawa biyu gare shi. In an danna shi kaɗan, kyamara ta daidaita idonta don abin da ke gabanta ya fito sarai. In an danna shi duka, ƙyaure ya buɗe.

Wasu ƙananan kyamarori suna da ɗan rami a gefe, inda hanyoyin wannan makunni suke fitowa. Misali, Canon PowerShot G10 ta shekarar 2008, da G11 ta 2009, da G12 ta 2010. Faɗin ramin milimeta 2,5 ne, wato biyu da rabi. Abin da ake cusawa ciki wani ɗan tsinken ƙarfe ne, wanda masu gyaran rediyo ke kira jak. Ku dube shi da kyau. Zobba biyu na roba sun raba shi gida uku:

– baki, shi ne mai buɗe ƙyaure;
– tsakiya, ita ce mai daidaita ido;
– gindi, shi ne hanyar da sauran biyun ke komawa.

In tsakiya ta haɗu da gindi, kyamara ta daidaita ido. In baki ya haɗu da gindi, ta ɗauki hoto. Ke nan aikinmu shi ne mu ja waɗannan hanyoyi uku da waya, mu kai su nesa, mu yi musu sabon makunni.

4. Kayan aiki

– jak mai milimeta 2,5 mai gida uku, tare da wayarsa;
– waya mai sili uku, kamar mita 2 ko 3, don ƙarin tsawo;
– gwangwanin madara ko na tumatir;
– ɗan katako mai tsawon santimeta 10;
– guntayen robar cikin tayar keke;
– ƙusa, almakashi da zare mai ƙarfi;
– pil da ampul na tocila, don gwaji.

5. Yadda ake haɗawa

Da farko, mu gane wayoyin. A fere bakin wayar jak, za a ga sili uku. Kada mu amince da launinsu, domin kowane kamfani da irin nasa. In silin yana da fenti, a kankare shi har jan ƙarfe ya fito. Sai a ɗauki pil da ampul. A haɗa sili guda da pil, a taɓa gidajen jak ɗaya bayan ɗaya da wayar ampul. Gidan da ya sa ampul ya kama, shi ne na wannan sili. A rubuta sunansa a ƴar takarda, a liƙa masa. Haka za a yi wa sauran biyun.

Na biyu, a yanko falle uku daga gwangwani, kowane mai faɗin santimeta 1 da tsawon santimeta 7. Wannan aikin malam ne ko wani babba, don bakin gwangwani na yanka. A goge gefunan a kan dutse, a kankare fenti ciki da waje. A huda ƙarshen kowane falle da ƙusa.

Na uku, a jera su bisa katako kamar hawan bene. Falle na farko a ƙasa. A ɗora guntun roba a kan ƙarshensa mai huda, a ɗora falle na biyu. A sake ɗora roba, a ɗora na uku. A ɗaure wannan ƙarshe tamau da zare. Kada a buga ƙusa ta ratsa su, domin ƙusa ƙarfe ce, za ta haɗa su duka. Ɗaya ƙarshen yana sake, da ɗan fili tsakanin falle da falle.

Na huɗu, a ɗaura wayoyi a hudojin. Wayar gindi a falle na sama. Wayar tsakiya a falle na tsakiya. Wayar baki a falle na ƙasa. A naɗe kowane ƙulli da roba don kada ya taɓa ɗan'uwansa.

Yanzu ku danna a hankali. Falle na sama ya taɓa na tsakiya, wannan hawa na farko ke nan. Ku ƙara dannawa. Duka uku sun haɗu, wannan hawa na biyu ke nan. Mun yi maɓalli irin na kyamara da hannunmu.

6. Hattara!

Kafin a kusanci kyamara, a sake gwaji da pil da ampul. In ba a danna ba, bai kamata ampul ya kama ba tsakanin kowane gida biyu. In ya kama, akwai wayoyin da ke taɓa juna, sai a gyara.

Bayan gwaji, a cire pil, a ajiye shi can gefe. Wayarmu ba ta bukatar pil. Kyamara ce ke ba da ɗan lantarkin da ake so, mu haɗa hanya kawai muke yi. Wanda ya tura wutar pil cikin ramin nan yana iya ƙona cikin kyamara. Wutar kuran ta gida kuwa, ko kusa kada a kai: tana kisa. A kashe kyamara kafin a cusa jak. In bai shiga da sauƙi ba, kada a tilasta shi.

Kuma ba kowace kyamara ke karɓar wannan waya ba. Wasu na kamfanin Panasonic suna da rami mai faɗi iri ɗaya, amma jak ɗinsu gida huɗu gare shi, kuma haɗinsa dabam ne. Ƙananan kyamarori da yawa ba su da ramin sam. A duba littafin kyamara tukuna, a kuma nemi izinin mai ita. Rigakafi ya fi magani.

7. Mu gwada

A girka kyamara bisa abin da ba ya motsi, kamar tebur ko buhun rairayi. Da magariba a ɗauki hoton itacen farfajiyar lakwal sau biyu, ɗaya da yatsa, ɗaya da waya. A kwatanta ganyayen. Gani ya kori ji.

Wani zai ce: ai kyamara na da agogon jira, mai ɗaukar hoto da kanta bayan sakan 2 ko 10. Gaskiya ne. Amma agogo bai san lokacin da tsuntsu zai sauka ba. Ku ajiye ƙwaryar ruwa da ɗan gero, ku girka kyamara kusa, ku ja waya ku ɓuya bayan zana. In kurciya ta sauka, ku ne za ku zaɓi lokacin dannawa.

Mu riƙe

Rawar hannu ke ɓata hoto in haske ya yi kaɗan. Maɓallin kyamara makunni ne mai hawa biyu. Wayarmu tana haɗa hanya ne kawai, ba a sa mata pil.

Tambayoyi

1. Don me hoton magariba ya fi na rana saurin ɓaci?
2. Gida nawa jak ke da shi? Mene ne aikin kowane?
3. Me zai faru in ƙusa ta ratsa falle ukun?
4. Ku zana makunnin a kayenku, ku rubuta sunan kowace waya.