Fitilar Likita Ba Ta Ganin Ƙarshen Sankara

Akwai wani ra'ayi da ake ji a bakin marasa lafiya, har da wasu ma'aikatan jinya. Suna cewa tunda an samu damoskop, ƙaramar na'urar nan mai gilashi da fitila da likitan fata ke ɗorawa a kan ƙurji, babu sauran dalilin haɗa lafiyayyar fata da sankara a yanke. Likita ya ga iyakar ciwon, ya bi ta da wuƙa, shi ke nan. Kai tsokar zuwa ɗakin gwaji ma ɓarnar kuɗi ce. Masu wannan magana suna da uzuri. Wanda za a yi wa tiyata a hanci ko a gefen ido dole ya ji tsoron tabo, kuma na'urar tana da amfani na gaske.

Tana ƙara girman abu kusan sau 10, haskenta kuma yana kawar da ƙyallin saman fata. A sankarar da ake kira basal, takan nuna jijiyoyin jini masu rassa da ɗigo-ɗigo masu launin toka a inda ido ke ganin fata lafiya lau. To, a nan ra'ayin ya fara tuntuɓe: a irin wannan hali na'urar faɗaɗa iyakar take yi, likita ya matsar da alƙalaminsa waje.

Sai batun zurfi, wanda shi ne babba. Damoskop ba ya wuce sassan fata na sama. Wasu nau'o'in sankara kuwa ta ƙarƙashi suke yaɗuwa, kamar saiwar bishiya da ke zarce inuwarta, saman fata bai nuna komai ba. Shi ya sa ake barin tazara, wato a yanke har da lafiyayyar fatar da ke kewaye da ciwon. A 1987 likitoci biyu a Amurka, Wolf da Zitelli, sun nuna cewa ƙaramar sankarar basal mai bayyananniyar iyaka, wadda ba ta kai santimita 2 ba, tazarar milimita 4 tana kwashe ta duka a fiye da kashi 95 cikin 100. Aikin damoskop shi ne ya nuna daga inda za a fara auna milimita 4 ɗin nan. Bai soke su ba.

Sankarar da ake kira melanoma kuma ba a ma yanke shawarar tazararta da abin da ke sama. Kaurinta ake bi, bisa ma'aunin da Alexander Breslow ya fitar a 1970, kuma sai an ciri tsoka an duba ta a madubin ɗakin gwaji ake saninsa. Wadda ba ta wuce milimita 1 ba, a bar mata santimita 1. Wadda ta haura milimita 2, santimita 2. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a baƙar fata an fi samun melanoma a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, inda ake ɗaukarta tabon tuntuɓe har ta yi nisa. Haka 'yan'uwanmu zabiya, da rana ke jawo musu sankara a fuska, kunne da wuya: ƙonewar rana takan sa gefen ciwon ya saje da fatar da ke kewaye.

Wani zai ce, ai akwai tiyatar da ke tsimin fata. Akwai, ita ce hanyar da Frederic Mohs ya faro a Wiskonsin a shekarun 1930. Amma ita ma hujja ce a kan ra'ayin: ana yanka kaɗan-kaɗan ne, ana duba gefen kowane yanki a madubi nan take, ba a dainawa sai an ga babu ƙwayar cutar. Inda babu wannan tsari, tazara da sakamakon gwaji su ne madogara. In sakamakon ya nuna sankara ta taɓa bakin yanka, galibi komawa tiyata ake yi, domin wadda ta dawo a cikin tabo ta fi ta farko wuyar ganewa da cirewa.