Matar Da Ta Maka Lauya A Kotu Saboda Jinyar Mijinta

'Yan'uwa mata, abin da muka saba ji shi ne lauya ya kai wani ƙara, ko ya tsaya wa wani a gaban alƙali, ya sha baƙar riga da farar hular gashin nan yana ta zuba Turanci. To amma kun taɓa jin inda reshe ya juye da mujiya, lauyan da kansa aka ja gaban shari'a, kuma wadda ta ja shi ɗin matar aure ce da ko sisin kwabo ba ta taɓa biyan shi ba? An yi haka a Amurka, a jihar Minnesota, har magana ta kai Kotun Ƙoli ta jihar a shekarar 1980. Ana kiranta shari'ar Togstad, tana kuma cikin shari'o'in da ake koyar da ɗaliban lauya da su a can.

A watan Agusta na 1971 ne wani magidanci mai suna John Togstad ya fara fama da matsanancin ciwon kai. Ranar 16 ga wata aka kwantar da shi a asibiti. Da aka yi gwaje-gwaje sai aka gano ashe wata babbar jijiya ce ta ɓangaren hagu, cikin masu kai jini ƙwaƙwalwa, ta yi rauni ta kumbura kamar balan-balan. Irin wannan kumburi kuwa in ya fashe ba a cewa komai. Ranar 27 ga wata likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya dasa masa wani ɗan ƙarfe a wuya, wanda ake matse jijiyar da shi kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki har ta rufe, jini ya koma bi ta sauran jijiyoyin, wurin da ya kumbura ya samu hutu. Dabarar tana da haɗarinta wanda likitoci suka sani: in jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan, jikin mutum zai iya shanyewa. Don haka mai irin wannan ƙarfe a wuya ido ake zuba masa dare da rana.

Kwana biyu da aikin, cikin daren 29 ga wata, wata nas ta shiga ɗakin ta tarar da shi ba ya motsi, ba ya magana. A lokacin an matse jijiyar rabi. Ta kira ƙaramin likitan da ke bakin aiki, ya zo, bai taɓa ƙarfen ba. Aka sanar da babban likitan, sai bayan wajen awa guda ya iso ya kwance shi. Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hannun John na dama da ƙafarsa suka shanye, bakinsa ya rufe, bai sake magana ba.

Matarsa Joan dai tun a asibitin zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta shaida wa kotu daga baya cewa wata nas ta gaya mata ta leƙa shi ƙarfe 2 na dare lafiyarsa lau, ƙarfe 3 kuma ta sake shiga ɗakin ne bisa kuskure, da maganin wani mara lafiyar daban a hannunta, sai ta gan shi a haka. Wai da ba don wannan kuskuren ba, da ba wanda zai san halin da yake ciki sai gari ya waye. Ta kuma ce ta ga sauran nas-nas ɗin hankalinsu a tashe, wasu har da kuka. Allah sarki! Ki ɗora kanki a matsayinta, 'yar'uwa. Ga miji kwance ba baki balle ya faɗi abin da ya same shi, ga maganganu kina ji ƙasa-ƙasa.

Sai da aka yi wata 14 sannan ta je wajen lauya. Tsohon shugaban mijinta a wurin aiki ne ya nema mata ganin wani lauya mai suna Jerre Miller, shi ya raka ta ma. Suka zauna minti 45 zuwa awa ɗaya, ta kwashe labari kaf ta faɗa masa, yana tambaya yana rubutawa. A ƙarshe, in ji ta, ya ce shi a ganinsa ba su da ƙarar da za su shigar, amma zai tattauna da abokin aikinsa. Ita fahimtarta, in an samu wani canji zai kira ta. Ba a yi maganar kuɗi ba, bai nemi izinin duba takardun asibiti ba, bai aiko mata da takardar biyan kuɗi ba. Kira kuma shiru.

To me za ta yi? Masani ya ce babu magana, sai ta ɗauka babu maganar. Ta koma gida ta ci gaba da abin da ke gabanta. Sai da shekara guda ta zagayo sannan ta ga wani lauyan, a nan ne ta ji abin da ba wanda ya gaya mata tun farko.

Kowace ƙara ta neman diyya tana da wa'adi. Doka takan ce daga ranar da aka cuce ki kina da shekara kaza ki shigar da ƙara, in lokacin ya wuce an rufe ƙofa, ko da gaskiyarki ta kai hasken rana. Dalilinsu shi ne shaidu suna mantuwa, takardu suna ɓacewa, kuma bai kamata a bar mutum cikin fargabar ƙara har ƙarshen rayuwarsa ba. A Minnesota ta wancan lokaci wa'adin ƙarar likita shekara 2 ne. In kika ƙirga daga daren da abin ya faru, ranar da Joan ta zauna a ofishin Miller saura wajen wata 10. Ranar da ta ga lauya na biyu kuwa wa'adin ya cika ya wuce. Likita da asibiti sun tsira ke nan, ba a taɓa jin ƙararsu ba balle a yanke.

Sai ita da mijinta suka juya kan Miller da kamfanin lauyoyin da yake ciki.

A nan fa aikin yake, domin ƙarar lauya ba kamar yadda ake zato ba ce. Ba ya wadatarwa ki ce ya ɓata min rai, ko na faɗi shari'a a hannunsa. Kotun ta ce sai mai ƙara ya tabbatar da cewa akwai alaƙar lauya da mai neman shawara a tsakaninsu, cewa lauyan ya yi sakaci, cewa sakacin ne ya jawo asarar, sannan, wanda ya fi kowanne wuya, cewa da ba don sakacin ba da an ci waccan ƙara ta farko.

Miller ya fara da musun alaƙar. A nasa zancen, bai ce ba su da ƙara ba, cewa ya yi a cikin abin da ta faɗa bai ga ƙarar da kamfaninsu zai so ɗauka ba, kuma ya ba ta shawarar ta nemi wani lauyan domin su ba ƙwararru ba ne a ƙarar likitoci. Ita ta ce sam bai faɗi haka ba. Kin ga bambancin? "Ba ki da ƙara" shawara ce ta shari'a. "Mu ba za mu ɗauka ba" sallama ce kawai. Dubban ɗaruruwan daloli suka rataya a kan wace ce ya furta cikin biyun, ga shi babu wata wasiƙa da ya aika mata da za ta raba gardama. Juri, wato talakawan gari da ake zaɓowa su saurari shaidu su yanke wa ya fi gaskiya, suka gaskata matar. Kotun Ƙoli ta ce tunda ta je neman shawara, ya kuma ba ta, alhali ya san in shawarar ta zama ta ganganci za ta cutu, to alaƙa ta ƙullu, an biya kuɗi ko ba a biya ba.

Sai ya koma cewa ai ko da ya yi kuskure, kuskuren fahimta ne, kuma doka ba ta kama lauya don ya auna abu tsakani da Allah ya zo bai dace ba. Wannan gaskiya ne, lauya ba boka ba ne. Amma lauyoyin da suka ba da shaida suka ce mafi ƙarancin abin da ake yi kafin a ce wa mutum kana da ƙarar likita ko ba ka da ita shi ne a karɓo takardun asibiti a karanta, a kuma tuntuɓi masanin fannin. Miller bai yi ko ɗaya ba, kuma bai gaya mata zancen wa'adin shekara 2 ba. Ni a ganina wannan na ƙarshen ya fi ciwo. Jimla ɗaya ce fa, ba ta cin minti guda: "Ki hanzarta, lokacinki ya kusa ƙarewa." Kotu ta ce wanda bai yi binciken komai ba ba zai fake da kuskuren fahimta ba.

Saura babban dutsen, abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a. Dole Joan da mijinta su gudanar da ƙarar likitan nan da ba a taɓa yi ba, a cikin ƙarar lauya, su kuma ci ta. Abin mamaki, sai ga lauyan da ta je wa da kukan an cuci mijinta ya koma mai kare likita, domin in likita bai yi laifi ba, to shi ma sakacinsa bai jawo asarar komai ba. Likitan da ya yi aikin ma a ɓangaren lauyoyin ya ba da shaida, ya ce gudajin jini ne suka haura ƙwaƙwalwa, ko an kwance ƙarfen da wuri ba abin da zai canja. Likitan da masu ƙara suka kawo ya ce a'a, ƙarancin jini ne saboda matsewar, kuma an yi sakaci: ba a kai shi ɗakin kulawa ta musamman ba, ba a sa nas mai duba shi duk rabin awa ba, ba a bar cikakken umarni a rubuce ba, ba a kuma kwance ƙarfen nan take ba. Juri suka karɓi wannan.

Aka yanke wa John diyyar dala 610,500, Joan kuma dala 39,000 saboda rasa daɗin zaman aure, wato kulawa da hira da kusantar miji. Kamfanin lauyoyin ne zai biya abin da likita da asibiti za su biya da an shigar da ƙarar kan lokaci. Lauyoyin suka ce kuɗin Joan ya yi yawa tunda ai auren ya mutu a 1974. Kotu ba ta rage ko dala ɗaya ba, ta ce akwai shaidar cewa lalurar ce ma ta kai auren ga mutuwa. Masu son labari ya ƙare da mata da miji riƙe da hannun juna sai su yi haƙuri, wannan ba littafin soyayya ba ne. Hukuncin ƙarshe ya zo kusan shekara 9 bayan wancan dare.

Saboda irin wannan shari'a ne ake koya wa lauyoyin Amurka cewa duk wanda suka ƙi ɗaukar ƙararsa su bi shi da wasiƙa: ba mu ɗauki aikinki ba, ba mu ce ba ki da gaskiya ba, akwai wa'adi, ki nemi wani lauyan da gaggawa. Ita ma Minnesota a 1999 ta ƙara wa'adin ƙarar likita ya koma shekara 4.

Wata za ta ce wannan ai can ne, mu nan fa? Dokar aikin lauya ta Nijeriya, ta 1975, a sashe na 9 ta ce lauya ba shi da kariya daga biyan diyya in sakacinsa ya cutar da mutum, ko da ya rubuta a yarjejeniya cewa ba ruwansa, rubutun banza ne. Amma ta yi togaciya biyu da suka shafi labarinmu. Lauyan da ya yi aiki kyauta yana iya gindaya sharaɗin cewa ba zai ɗauki alhaki ba, don haka shawarar da aka samu a tsaitsaye wajen ɗan'uwan ƙawa ko maƙwabci ba abar dogaro ba ce a babbar magana. Na biyu, ba a ƙarar lauya kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali, kamar tambayar da ya yi wa shaida ko wadda bai yi ba. Wannan ka'ida daga Ingila muka gaje ta, su can sun soke ta a shekarar 2000. Barin wa'adi ya wuce kuwa aikin ofis ne, ba na gaban alƙali ba.

Akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke iya yi wa lauya gargaɗi, ko ya dakatar da shi, ko ya soke sunansa gaba ɗaya, ko ya sa shi mayar da kuɗi da takardun mutane. Diyyar asara kam sai kotu.

Wa'adin ƙara a nan ya danganta da jihar da kike da kuma wanda za ki kai ƙara. Inda ya fi tsauri shi ne asibitin gwamnati, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar, kuma lauyoyin hukuma ba sa mantawa da ita. Kotuna sun fitar da wasu halaye da dokar ba ta aiki, amma wannan sai lauya ya duba. Wata 3 kuwa ga mai zaman jinya, tsakanin kai abinci asibiti da sayen magani da karɓar 'yan dubiya, kafin ta ankara ya wuce. Joan da take da shekara 2 ma kun ga yadda aka yi.

Saboda haka in lalura irin wannan ta faɗo gidanku, ko Mama ce ko Yaya ko maigida, ke mai ilimin boko a gidan ki ɗauki biro tun a asibiti ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka yi da wanda ya faɗi me. Ki adana kati da rasit da takardun gwaji. Ran da aka je wajen lauya, kada ki ji nauyin tambayarsa ko ya ɗauki aikin ko bai ɗauka ba, da kuma ranar da wa'adin zai cika. In ya ce babu ƙara, ki tambaye shi cikin ladabi ko ya ga takardun asibitin, ki roƙe shi ya ba ku amsar a rubuce, sannan a cikin makon nan ku kai takardun wajen lauya na biyu.