Tafkin Kainji Cikin Salon Aro

A shekarar 2015, a Jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus, masana uku, Leon Gatys da Alexander Ecker da Matthias Bethge, suka tabbatar da cewa kwamfutar da aka horar da ita da ɗimbin hotuna tana iya raba abu biyu waɗanda ido ya saba ganinsu a haɗe, wato surar abin da ke cikin hoto, da salon da mai zane ya bi wajen zuba launi da jan layi. Idan kuwa ta raba su, sai ta ɗauki surar wannan ta tufatar da ita da salon wancan. Da hoton gidajen bakin kogin garinsu suka jarraba, suka sa masa salon mai zane Van Gogh. A 2016 manhajar Prisma ta kawo hikimar cikin wayar hannu.

To, wanda ya tsaya a gaɓar tafkin Kainji a Yelwa da la'asar sakaliya ya ɗauki hoton Basarke yana jan koma cikin kwalekwale, haƙiƙa wayarsa ta faɗi gaskiyar zahiri, amma ta yi shiru game da baɗini, domin tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwan nan ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da tsibiran Gungawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga mahaifarsu. A nan salo yake da amfani: in aka ba na'ura baƙin shuɗin turkuɗi, tafkin ya fito cikin juyayi, in aka ba ta ja da rawayan zayyanar allo, tseren jiragen bikin Rigata ya fito da annashuwarsa.

Sai dai kada a ruɗu, na'ura ba ta san baƙin ciki ba, lissafi kawai take yi, tana ta sauya ɗigon hoto har ya dace da ma'auni biyu, na sura da na salo. Niyya tana ga mai zaɓen salo. Ta fuskar addini kuwa, malamai sun yi saɓani kan surar mai rai, amma ruwa da jirgi da faɗuwar rana ba su shiga wannan babi ba.

A ganina, matashin Ngaski ko Shanga da zai yi kukan garin kakanninsa da launin Bature ya yi aron da bai kamata ba, alhali ga sassaƙen ƙwarya da saƙar tabarma a gidansu. Ya ɗauki hotonsu ya ba na'urar.