Tamburlaine a dandalin makaranta: makiyayin da ya taka sarakuna

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantun Kakuri da Barnawa da Narayi sun fi sabawa da wasan faɗakarwa, irin na shaye-shaye da satar jarrabawa. Ba laifi. Amma wanda ke son gwada ƙarfinsa da babban aiki, ya nemi Tamburlaine na Christopher Marlowe.

Marlowe bai wuce shekara 23 ba sa'ad da aka fara nuna wasan a Landan wajen 1587, aka buga shi a 1590. Ya gina shi ne a kan Taimur, sarkin Samarkand da ya ci Sarkin Turkawa Bayazid da yaƙi a Ankara a 1402. A wasan, makiyayi ne ya tashi ya ƙwace sarautar Farisa, ya sa Bayazid a keji, har yakan taka bayansa in zai hau gadon mulki.

Wahalar wasan tana cikin baki. Kusan dukkansa waƙa ce, kowane layi gaɓa goma, kuma galibi babu amsa-amo. Ɗalibin da ya haddace ta kamar karatun jarrabawa zai sa 'yan kallo gyangyaɗi. A nan ne nake ganin mu Hausawa muna da sa'a. Maganar Tamburlaine kirari ce tsantsa, yana wasa kansa yana lissafa garuruwan da ya ci. Duk wanda ya taɓa jin ɗan dambe yana kirari kafin ya shiga fage, ko ya saurari yadda Narambaɗa ke ɗaga sarki, ya san inda ake jan numfashi da inda ake dira. A nemi mai irin wannan murya, ko da ba shi ne gwanin Turanci a aji ba.

Kayan wasa kuwa ba sa cin kuɗi. A labarin, in Tamburlaine ya yi wa gari ƙawanya, ranar farko farar hema yake kafawa, alamar wanda ya miƙa wuya ya tsira. Rana ta biyu ja, ta uku baƙa, daga nan babu sauran tausayi. Yadi kala uku daga kasuwar Kakuri ya isa. Keji kuma, kowane kafinta zai haɗa shi da ragowar katako.

Haɗarin shi ne tafi. Maganar mutumin tana da daɗi, sai ka ga 'yan kallo suna yi masa shewa yana kashe mutane. Don haka kada a yanke wurin da 'yan matan Dimashƙu suka fito suna roƙon a bar garinsu, ya sa mahayansa suka kashe su. A bar su su yi magana a hankali, a dakatar da kiɗa. Nan ne mai kallo ke gane wa yake ta yi wa tafi.

Wasan kashi biyu ne, kuma shawarata a tsaya a na farko. A kashi na biyu akwai wurin da Marlowe ya sa jarumin ya ba da umarnin ƙona Alƙur'ani mai girma, abin da ba ya cikin tarihin Taimur na gaskiya, wanda Musulmi ne da ya gina masallatai. Ko a Landan, da David Farr ya shirya wasan a Barbican a 2005, sai da ya sauya wurin. Garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, inda Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya a aji, ba ya buƙatar wannan. Kashi na farko cikakken labari ne da kansa: yana ƙarewa da naɗa Zenocrate, 'yar Sarkin Masar, sarauniya, ga gawar Bayazid kwance a gefe.